Ina so in mayar da Nissan 350Z motar tsere: daga ina zan fara?

Ɗan Fadaman Mada, Bauchi:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar iyayenmu da yayyenmu da suka san harkar mota, musamman waɗanda suka taɓa sa hannu a aikin motar tsere. Shekara 2 ke nan da na sayi Nissan 350Z ƙirar 2004, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano. Giyar hannu ce mai 6, injinta V6 ne mai lita 3.5, kuma da tayoyin baya take ja. Da yake ina da wata motar da nake zuwa aiki da ita, wannan ta fi kwana a rumfa, shi ya sa na yanke shawarar in mayar da ita motar gasa gaba ɗaya, wadda ba za a gudu da ita ba sai a filin da aka killace. Ban yarda da wasan motar da samari ke yi a titi ranar ɗaurin aure ba, domin na ga gidajen da ya jefa cikin makoki.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in ɗaura mata turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska domin ƙara masa ƙarfi, kuma bakanikena ya ce za a iya nemo kayan a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Ladipo ta Legas. Wani mai walda kuma ya ce a kwana 3 zai haɗa mini kejin ƙarfe na cikin mota, mai kare direba idan ta kife, da fayif ɗin da ake sayarwa a kasuwar kayan gini. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. A watan Afrilun bara na gwada ta a wani fili da babu kowa, kuma ban kai minti 10 ina matsa mata ba birki ya yi laushi har ƙafata ta kai ƙasa, allurar zafi kuma ta haura inda ta saba tsayawa. Kuɗin da ke hannuna bana ba zai wuce babban aiki ɗaya ba. Wanne ya kamata in sa a gaba? Kuma fayif ɗin da mai waldar ya ambata zai yi?

Tsohon bakanike, Gombe:

Wa alaikumus salam, ɗana. Motar ta riga ta ba ka amsa a watan Afrilu, saura kawai ka saurare ta. Motar da ta kasa tsayawa da ƙarfin da kamfani ya ba ta, ta kuma kasa sanyaya injin da aka ƙera ta da shi, idan ka ƙara mata turbo ka ƙara mata gudun da za ta kasa tsayarwa ne da zafin da za ta kasa fitarwa. Ga shi kuma injin na wannan shekarar kwanrod ɗinsa, wato ƙarfen da ke riƙe da fistin, ba ya jure matsin turbo mai yawa, fetur ɗinmu kuma bai kai ingancin da aka tsara injin a kansa ba. Ka ajiye wannan maganar tukuna.

Ka fara da man birki, domin shi ne mafi arha a cikin duk abin da za ka saya, kuma ina kyautata zaton shi ya ba ka kunya. Man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma da zarar ya sha ruwa yana saurin tafasa. Mai lambar DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya tsufa ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 140. DOT 4 sabo yana kaiwa 230, na tsere kuma yana haura 300. Idan man ya tafasa sai ya yi kumfa a cikin layi, kumfa kuwa matsuwa take yi, shi ya sa ka taka ka ji wayam. Tun da aka sauke motar nan daga jirgi, ka tambayi kanka ko an taɓa juye man gaba ɗaya, domin mu a nan ciko kawai muka saba yi. Ka juye shi duka, ka sa fad ɗin birki na tsere mai jure zafi, ka sauya tiyon roban da ke zuwa kowace taya da mai saƙar ƙarfe a jikinsa, sannan ka auna kaurin faifan birki, ka duba ko ya fara tsagewa. Idan da hali ka jawo tiyo mai faɗi daga gaban mota ya riƙa hura wa faifan iska.

Sai batun zafi. Abu na farko da zan duba shi ne ko wani ya cire mata tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda ake yi wa kusan kowace 'yar Beljiyam da ta shigo Arewa. Wannan ɗabi'a tamu ɓoye cuta take yi. Ka mayar da tamostat, ka sauya murfin lagireto da sabo, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Ka cire lagireton ka haska fitila ta bayansa. Na sha ganin wanda ƙurar hunturu da ciyayi suka toshe rabinsa alhali daga gaba yana sheƙi. Kada ka zuba ruwan burtsatse, yana barin farin gishiri a cikin bututu. Ka nemi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, wanda babu asid a cikinsa. Wannan injin kuma yana da wuyar fitar da iska idan an sauya ruwa, saboda haka a ɗaga gaban motar a yi abin a natse, kada yaron gareji ya yi shi cikin gaggawa. Bayan haka ka sa ƙaramin lagireto na baƙin mai tare da agogon da zai nuna maka zafinsa, domin a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a nan Gombe da can wajenku, baƙin mai yana riga ruwa galabaita. Ni idan na ga ya doshi 130 nakan ce wa direba ya sassauta.

Kada kuma ka je fili da tayar Beljiyam komai kyan zanenta. A gefen kowace taya akwai lamba 4 da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ka karanta kafin ka biya. Batun keji kuwa na bar wa masu ilimin ƙarfe, amma na taɓa tsayawa a kan wata mota da ta kifa da kejin fayif ɗin ruwa a cikinta. Fayif ɗin ya buɗe ta wajen ɗinkinsa kamar an tsaga kara, bakinsa kuma ya tsaya taƙi ɗaya daga inda kan direba yake. Allah ne ya yi da sauran kwanansa.

Injiniya, Yelwa, Bauchi:

Baba ya gama magana a kan birki da sanyaya, sai dai in ƙara lissafi ɗaya domin a ga girman abin. Motarka tana da nauyin kusan kilo 1,450. Idan ka rage gudu daga kilomita 160 a awa zuwa 60 kafin kwana, zafin da birki zai sha a cikin 'yan daƙiƙoƙin nan ya isa ya tafasa ruwa kusan lita 4, kuma a fili za ka maimaita haka sau da yawa a kowane zagaye. Duk kilon da ka cire daga motar ya rage wa birki wannan wahala, ya rage wa taya, ya kuma rage wa injin.

A nan ne nake so ka sake tunani a kan inda gudu yake fitowa. Lokacin da kamfanin Porsche ya fara gasar Carrera Cup a Jamus a 1990, ya ɗauki 911 ɗin da yake sayar wa jama'a, mai ƙarfin doki 250 da nauyin kilo 1,350, ya mayar da ita ta tsere. Ƙarfin da ya ƙara bai wuce doki 15 ba, amma nauyin ya sauko zuwa kilo 1,120. Haka Mazda ke yi da MX-5 a gasarta: ana kwance motar da ta fito daga masana'anta, a sa mata keji da shokazoba da kayan sanyaya, injin kuwa a buga masa hatimi yadda ba mai iya taɓa shi. Waɗannan kamfanoni ba kuɗin turbo suka rasa ba. Taka motar tana da doki 287, wato kowane doki yana jan kusan kilo 5. Idan ka rage kilo 100, tamkar ka ƙara doki 20 ne, kuma wannan riba za ka same ta a kwana da wajen birki, inda turbo ba ya taimaka maka da komai. Kujerun kamfani masu nauyi, safayar taya, jak, kafet, kayan sauti, robobin ƙofa da na'urar sanyaya ɗaki duk za su fita, kuma da yawansu za ka sayar ka rage kuɗin aikin. Amma ƙaton ƙarfen nan da ya ratsa but ɗin motar tsakanin shokazoba biyu na baya, kada ka bari a yanke shi, domin yana cikin abin da ke riƙe bayan motar.

Yanzu batun keji, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan amsa. Ka yi wa mai waldar nan godiya, ka ce masa a'a. Hukumar FIA, wadda ke kula da tseren motoci a duniya, ta bayyana irin ƙarfen da ake amfani da shi a ƙa'idojinta na kariya, a sashe na 253. Fayif ne marar ɗinki, wanda aka ja shi a sanyi, mai ƙarfin da bai gaza Newton 350 a kan kowace murabba'in milimita ba. Babban baka, wanda ke bayan kan direba, faɗinsa milimita 45 ne da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2.0. Sauran sassa kuma 38 da 2.5, ko 40 da 2.0. Fayif ɗin kasuwar kayan gini falle ne aka naɗe aka ɗinke, an yi shi domin ruwa ko rumfa, kuma wanda aka shafa wa farin ƙarfe hayaƙinsa guba ne ga mai walda. Idan an yi musu fenti, kejin ƙwarai da na bogi ba sa bambanta a ido, amma kama da wane ba ta wane.

Lanƙwasawa ma tana da ƙa'ida. Masu waldarmu sun saba cika fayif da yashi su gasa shi da wuta har ya yi ja sannan su tanƙwara, kuma wannan yana da kyau ga ƙofar gida. A keji kuwa dole a lanƙwasa a sanyi da injin lanƙwasa, kuma kwanar kada ta matse fiye da ninki 3 na faɗin fayif ɗin. Idan ka shafa wajen lanƙwasar ka ji ta yi tamoji ko ta baje, a jefar da wannan guntun. Ƙafafun keji kuma ba a ɗora su kai tsaye a daɓen mota, domin daɓen siriri ne, ranar hatsari ƙafar za ta huda shi ta wuce. Ana shimfiɗa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 da faɗin da bai gaza murabba'in santimita 120 ba a ƙarƙashin kowace ƙafa. Walda kuma sai ta zagaye kowace mahaɗa gaba ɗaya, har saman da ke manne da rufi inda hannu ba ya shiga. Wannan wurin ne ake ha'inci. Masu aikin kirki sukan huda daɓe su sauke kejin ƙasa su yi waldar saman sannan su ɗaga shi, kai kuma ka zo da ƙaramin madubi da tocila ka duba da idonka kafin a yi fenti. Aikin da za a cire dashbod da gilashin gaba da wayoyi, a kuma kare tankin mai daga tartsatsi, ba aikin kwana 3 ba ne.

Keji, kujera, bel da hular kwano abu ɗaya ne, ba a raba su. Kujerar tsere mai lambar FIA 8855-1999 shekara 5 take yi daga ranar da aka ƙera ta, haka ma bel mai igiya 6, kuma akwai jabu da yawa a intanet masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, saboda haka ka duba tambarin FIA mai walƙiya da ranar ƙarewa. Igiyoyin kafaɗa a ɗaure su a ƙarfen da ke bayan kujera daidai da kafaɗa ko ƙasa kaɗan. Idan aka ja su zuwa daɓe, ranar karo za su danne kashin baya. Sannan ka sayi abin tallafar wuya da ake kira HANS. Bel yana riƙe jiki kam, kai kuwa da nauyin hula yana wucewa gaba, kuma irin wannan raunin ne ya kashe direban tseren Amurka Dale Earnhardt a tseren Daytona a 2001. Daga 2003 aka wajabta shi a gasar Formula 1. A ƙarshe a sa makashin wuta da direba zai iya kaiwa yana ɗaure, da wani a waje domin masu ceto, da tukunyar kashe gobara a ɗaure da ƙarfe.

Mai sha'awar rali, Tumfure, Gombe:

Ina tare da Baba da Injiniya a kan kusan komai, amma ina ganin an tsallake tambayar farko. Ɗan'uwa, a wace gasa za ka shiga, kuma a kan wace irin ƙasa? Kowace gasa tana da takardar ƙa'idojinta, kuma wanda ya gina mota kafin ya karanta takardar yakan biya kuɗin aiki sau biyu, domin turbo kaɗai yana iya ɗaga ka zuwa rukunin da ba za ka iya gogayya a cikinsa ba. Ka tuntuɓi ƙungiyar masu motoci ta ATCN, wadda ke cikin FIA daga Najeriya, da masu shirya taron da kake hari, su ba ka ƙa'idojin a rubuce kafin ka yanke ko fayif ɗaya.

Ni a ganina ƙasarmu ta fi dacewa da tseren turɓaya. Abin da Allah ya hore mana a Bauchi da Gombe shi ne fili da jar ƙasa, kuma tarihin Afirka a wannan harka a nan yake. Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna iyayenmu suka yi ta hawa, ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, kuma juriya ce ta ba ta nasara. 350Z mota ce mai ƙasa-ƙasa da aka yi domin kwalta. Idan turɓaya za ka, kana buƙatar ɗaga ta, da farantin kare ƙasan injin, da matatar iska mai jure ƙura, kuma gaskiya da wata motar ta fi sauƙi. Idan kuwa kwalta ce, ka sa kuɗin ɗaukar mota zuwa Abuja ko Kudu a lissafinka, da na taya, domin taya ce za ta fi cin kuɗinka a kowace fita. Ka kuma duba aksul ɗin bayanka, domin mafi arhar samfurin 350Z na Amurka bai zo da na'urar da ke hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai a kwana ba.

Ɗan Fadaman Mada, Bauchi:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na je gareji da safiyar nan, kuma kamar kana wurin: babu tamostat, man birkin kuma ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Na fasa turbo. Ɗan'uwana na Tumfure, kwalta nake nufi, kuma zan nemi ƙa'idojin kafin in ci gaba. Injiniya, saura tambaya biyu. Idan ban sami irin wannan fayif a Bauchi ba, yaya zan yi? Kuma bayan an sa kejin, zan iya ɗan zagayawa da ita cikin gari, ko zuwa gareji kawai?

Injiniya, Yelwa, Bauchi:

Madalla da ka duba da kanka. Game da fayif, ka tambayi masu sayar da ƙarfen masana'antu a Kano ko Legas, ka ce marar ɗinki kake so, ka kuma nemi takardar masana'anta da ke nuna irin ƙarfen. Idan ya iso ka leƙa cikinsa da tocila, domin mai ɗinki yana da layi a tsaye daga baki zuwa baki, sannan ka auna kaurinsa da ma'auni, kada ka dogara da abin da aka rubuta a jiki. Hanya ta biyu ita ce ka yi odar kejin da aka riga aka yanka aka lanƙwasa domin 350Z, ya zo a guntu-guntu a haɗa shi a nan, kuma duk da tsadar jigila ni ita na fi natsuwa da ita, saboda ta raba ka da matsalar lanƙwasa. Kafin mai walda ya taɓa motar, ka ba shi guntaye biyu ya haɗa, a sa a matsi a buga da guduma. Idan ƙarfen ya lanƙwashe waldar tana nan, ka ba shi aikin. Idan waldar ce ta ɓalle, ka nemi wani.

Game da shiga gari, shawarata ita ce kada ka yi. An tsara keji ne domin mutumin da ke sanye da hular kwano, a ɗaure da bel mai igiya 6. Wanda ya zauna a ciki da hular zanna da bel na kamfani ya ajiye kansa ne kusa da sandar ƙarfe, kuma karon da ba zai yi wa mai Corolla komai ba a shataletalen Wunti yana iya fasa masa kai. Ga shi a lokacin ka riga ka cire jakar iska tare da sitiyarin kamfani. Ko da hular ma, ana son a sami tazarar santimita 5 tsakanin samanta da saman kejin, a kuma naɗe duk inda kai zai iya taɓawa da soso mai tauri na musamman, domin soson katifa ba ya tare komai. Saboda haka ka fara sayen kujera da hula, ka zauna a ciki a auna ka, sannan a yanke babban baka.

Da kuɗin bana, ka yi birki da sanyaya da taya kamar yadda Baba ya tsara, ka kwashe kayan cikin da ba su shafi kariya ba, ka bar kujerar direba da bel da jakar iska na kamfani yadda suke har ranar da kejin zai shiga tare da sauran kayansa. A tsakanin nan ka riƙa fita filin da aka killace kana koyon motar a gudun da bai kai iyakarta ba, ka sami littafi kana rubuta iskar kowace taya kafin fita da bayan dawowa, da zafin ruwa da na baƙin mai, da kaurin fad. Idan ka yi fita 3 ka kawo mana alƙaluman nan, daga su za mu san ko shokazoba ce ke biye ko aksul.